Me Masu Motocin Lantarki Ke Cewa Bayan Sun Bar Fetur?

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati waɗanda suka karɓi kuɗin Udoji a cikin shekarar 1975 ba za su manta da yadda ake sayen mota a wancan zamani ba. Mutum ya ci bashin mota a ofis, ya je ya zaɓo Fijo 504 sabuwa ƙal wadda aka haɗa a Kaduna, ya yi ta zirga-zirgarsa, kuma abin da bai taɓa hana shi barci ba shi ne kuɗin mai, domin a lokacin lita ɗaya ta fetur ba ta kai kwabo 20 ba. Amma 'ya'yansu da jikokinsu da ke zaune bisa kujerun ofisoshin nan a yau sun tarar da wata duniya dabam. Ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin, kafin mako ya zagayo litar da ake saye Naira 185 ta kai wajen Naira 500, kuma a cikin watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000 a Abuja. Ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu a gida suka koma hawan haya.

Tun daga lokacin ne maganar mota mai aiki da lantarki ta fita daga shafin labaran ƙasashen waje ta shigo hirar ofis da ta ɗakunan kwanan ɗalibai. Masu sayar da ita suna yabonta, masu sayar da mai suna kushe ta, kowa da abin da yake karewa. To, da yake mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya fi kyau a saurari mutanen da suka fid da kuɗinsu suka saya, suka yi shekaru suna hawa. An yi ta tambayar su a ƙasashe da dama, kuma in aka tattara amsoshinsu aka duba da kyau, sai a ga cewa abin da ya raba mai murna da mai da-na-sani yawanci abu ɗaya ne, watau inda motar take kwana, da ko akwai wuta a wurin.

ABIN DA SUKE YABAWA

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake zato. A cikin shekarar 1899 wata motar lantarki ce ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa, a hannun wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy, kuma wajen 1900 kimanin sulusin motocin da ke Amurka da batir suke aiki. Likitoci da matan attajirai sun fi son ta, don ba ta buƙatar a murɗa ƙarfe da hannu kafin ta tashi, ba ta da hayaƙi, ba ta da ƙara. Har matar Henry Ford kanta irin ta take hawa. Arhar fetur da arhar motar Ford, da kuma sitata da aka fara sa wa motocin mai a 1912, su suka kore ta daga kasuwa, ba ta sake dawowa da ƙarfi ba sai da kamfanin Nissan ya fito da Leaf a ƙarshen 2010, Tesla kuma ya fito da Model S a 2012.

Abin mamaki, yabon da masu ita suke yi mata a yau bai yi nisa da na mutanen dā ba. Na farko shi ne shiru da sauƙin tuƙi: babu kuloci, babu canjin giya, da an taka ta sai ta zabura. Na biyu, wanda ya fi shiga ran duk wanda ya taɓa yini a gareji, shi ne rashin zuwa wurin bakanike a kai a kai. Ba ta shan baƙin mai balle a juye, ba ta da filogi, ba ta da salansa, ba ta da bel ɗin da zai tsinke a tsakiyar daji. Ko birki ma ba ya saurin cinyewa, don in direba ya ɗaga ƙafa injin ne da kansa yake rage gudu yana mai da ƙarfin cikin batir. Abin da suka ce yana saurin ƙarewa shi ne taya, saboda nauyin batir.

Amma abin da suka fi maimaitawa, wanda mai shirin saye ba ya cika kawo shi a ransa ba, shi ne daɗin rabuwa da gidan mai. Mutum ya dawo daga aiki, ya jona motar kamar yadda yake jona wayarsa, ya shiga gida, gari ya waye ya tarar da ita cike. Wanda ya saba da wannan, in ka ce masa ai caji yana cin awa takwas alhali shan mai minti biyar ne, sai ya ce shi bai taɓa tsayawa jiran awa takwas ɗin ba, barci yake yi.

ƘASAR MAI DA TA BAR MAI

Babu inda aka gwada abin nan kamar ƙasar Norwe, wadda ita kanta babbar mai sayar da ɗanyen mai ce. A shekarar 2024 kusan kashi 89 daga cikin ɗari na sababbin motocin da aka saya a can na lantarki ne zalla, kuma a watan Satumba na wannan shekara yawan motocin lantarki da ke bisa hanya ya zarce na masu shan fetur, ko da yake masu shan man dizal suna da yawa har a lokacin.

Masu motar ne suka faro abin, ba gwamnati ba. A 1989 wasu mawaƙan ƙasar na ƙungiyar a-ha, tare da wani ɗan rajin kare muhalli mai suna Frederic Hauge, suka shigo da wata 'yar ƙaramar Fiat da aka mai da ta lantarki, suka riƙa yawo da ita a birnin Oslo suna ƙin biyan kuɗin hanya. Hukuma ta kama motar ta yi gwanjonta, su sake saye, su sake ƙin biya. A hankali gwamnati ta sakko: ta yafe wa motocin lantarki harajin saye tun 1990, ta yafe kuɗin hanya a 1997, ta yafe harajin kaya a 2001, daga baya ta ba su izinin bin layin da aka keɓe wa motocin safa. An fara janye wasu daga cikin rangwamen nan, misali a 2023 an fara karɓar haraji a kan abin da ya haura kurona 500,000 na kuɗin mota, amma mutane ba su koma ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka mutanen Norwe sun fi sauran jama'a son muhalli ne kawai. Haraji ya sa motar lantarki ta fi ta fetur arha a wurinsu. Kusan kashi 90 daga cikin ɗari na wutarsu daga ruwa ake samun ta, ba ta yankewa, kuma akasarin masu motar a gida suke caji. Mutumin da aka haɗa wa waɗannan abubuwa uku, in ya yabi motarsa ba a yi mamaki ba.

WAƊANDA SUKA KOMA

Labarin waɗanda suka saya suka fasa ya fi koyar da darasi. Wasu malamai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Scott Hardman da Gil Tal, sun bi sawun mutanen jihar da suka sayi motocin lantarki tsakanin 2012 da 2018, suka buga sakamakon a 2021. Sun gano cewa kusan mutum ɗaya daga cikin biyar ya koma wa fetur da ya tashi sauya mota. Kowa zai zaci gajartar zangon da motar take iya yi ce ta kore su, amma binciken bai nuna haka ba. Abin da ya kore su shi ne wahalar caji, kuma akasarin waɗanda suka koma ba su da na'urar caji mai ƙarfi a gida.

Akwai dalili. Soket na gida a Amurka mai ƙarfin bolt 120 ne, wanda in aka jona mota a kansa bai fi ya ƙara mata tafiyar kilomita 6 ko 8 a awa ɗaya ba. Mai gidan kansa yana iya kiran mai gyaran wuta ya ja masa layi mai bolt 240, wanda ke ba da wajen kilomita 30 zuwa 40 a awa, ya cika motar kafin asuba. Ɗan haya a bene, wanda ke ajiye mota a bakin titi, ba shi da wannan dama. Dole ya nemi tashar caji ta kuɗi, ya tarar da layi, ko ya tarar na'urar ta lalace, ko ya zauna rabin awa yana kallon allo. Mota iri ɗaya, gari ɗaya, amma ɗaya yana sa mata albarka, ɗaya yana neman mai saye.

A shekarar 2024 an fito da wasu ƙididdiga biyu da suka yi kamar suna ƙaryata juna. Kamfanin McKinsey ya ce kashi 29 daga cikin ɗari na masu motocin lantarki da ya tambaya a ƙasashe dabam-dabam suna ganin za su koma wa mai, a Amurka kuwa har kashi 46, kuma dalilin da ya zo kan gaba shi ne ƙarancin wuraren caji na jama'a. A ƙarshen shekarar kuma wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu motocin lantarki ta duniya ta tambayi mutum fiye da 23,000 a ƙasashe 18, ta ce kashi 92 za su sake sayen ta lantarki, kashi 1 kacal ne zai koma wa fetur ko dizal. Ɗalibin da ya karanta darasin ƙididdiga zai lura nan da nan cewa ƙungiyar ta fi samun amsa daga 'ya'yanta da masu sha'awar abin, ga shi kuwa ba a tambayar mai tallan fura ko furarta ta yi tsami. Duk da haka, ko a cikin masu yabon, ƙorafin da ya fi yawa a kan tashoshin caji ne.

A Ingila har haraji ya shiga tsakani. Wutar gida ana ɗora mata harajin kashi 5 daga cikin ɗari, ta tashar caji kuwa kashi 20, ban da ribar kamfani. Watau mai ƙaramin ƙarfi wanda ba shi da filin ajiye mota a gida shi ke biyan kuɗi mafi yawa a kan kowane kilomita, kuma ƙungiyoyin masu motoci sun daɗe suna kuka da wannan.

BATIR DA KASUWA

Tsoro na biyu shi ne batir, wanda shi ne kaya mafi tsada a jikin motar. Yawancin kamfanoni suna ba da lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma masu motocin da suka daɗe suna cewa ƙarfinsa yana raguwa ne sannu a hankali, ba ya mutuwa farat ɗaya. Amma yanayi yana da tasiri. Sanyi yana rage zango, kamar yadda direbobin birnin Shikago suka gani a watan Janairu na 2024, sa'ad da motoci suka yi cirko-cirko a tashoshin caji cikin ƙanƙara. Wannan bai shafi mutumin Sakkwato ba. Wanda ya shafe shi shi ne abin da ya faru a jihar Arizona a 2012, inda masu Leaf ta farko suka yi ta ƙorafi cewa batirinsu ya rage ƙarfi tun motar ba ta shekara biyu ba. Batirin wannan mota ba shi da ruwan sanyaya shi, zafin hamada kuwa ya dafa shi, har sai da kamfanin ya ƙara lamuni a kan raguwar ƙarfin batir. Duk wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, ya kamata ya riƙe wannan labari, musamman da yake irin waɗannan tsofaffin motoci ne suka fi arha a kasuwar kwance.

Sai kuma faɗuwar daraja. Da Tesla ya karya farashin sababbin motocinsa a 2023, waɗanda suka saya da tsada suka wayi gari motarsu ta zube a kasuwa. Kamfanin ba da hayar motoci na Hertz ya ba da sanarwa a watan Janairu na 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki 20,000, yana mai kafa hujja da tsadar gyara in an yi karo. Ga ma'aikacin da ya ɗauki mota a matsayin ajiya, wadda zai sayar ranar da biki ko rashin lafiya ya taso, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

HABASHA TA YI TA MAZA

A nahiyarmu, Habasha ce ta yi abin da ko Norwe ba ta yi ba. A farkon 2024 ta hana shigo da motocin gida masu shan fetur ko dizal. Dalilinta na aljihu ne: ba ta haƙo mai, tana kashe biliyoyin daloli a shekara wajen sayo shi, alhali ga wutar ruwa mai arha, ga kuma babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu, wadda aka buɗe a watan Satumba na 2025, mai iya ba da megawat fiye da 5,000. Mazauna Adis Ababa da suka sayi motocin, yawancinsu ƙirar ƙasar Sin, suna murna da rabuwa da dogayen layukan mai da kuma arhar caji a gida. Kukansu kuwa uku ne: da an fita birni tashoshin caji sun yi ƙaranci, kayan gyara suna wuyar samu, kuma makanikan da suka san motar ba su da yawa. Wasu sun mai da ita motar cikin gari kawai, in tafiya ta kama su nemi wata.

LISSAFIN MA'AIKACIN NIJERIYA

Nijeriya ba ta rasa alaƙa da wannan sha'ani ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a lokacin da yake shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka ƙaddamar da Hyundai Kona ta lantarki wadda aka haɗa a Legas a 2020, aka kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A watan Oktoba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta cire wa motocin lantarki harajin kaya.

To, ga lissafin da farashin ƙarshen 2024. Matsakaiciyar mota tana shan wajen lita 8 a tafiyar kilomita 100, watau Naira 8,000 in lita tana Naira 1,000. Takwararta ta lantarki tana cin wajen yunit 17 a wannan tafiya. Mazauna rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, an mai da kuɗin yunit ɗinsu Naira 225 a watan Afrilu na 2024, daga baya ya tsaya wajen Naira 209, saboda haka kilomita 100 zai ci musu kimanin Naira 3,600. Bai kai rabi ba. Bugu da ƙari, soket ɗinmu mai bolt 230 ne, ya fi na Amurka ƙarfi, yana iya ba mota tafiyar fiye da kilomita 100 a dare ɗaya, wanda ya ishi mai zuwa sakatariya da dawowa na kwana biyu ko uku.

Wannan fa in akwai wutar. Wanda ke unguwar da ake kawo ta awa huɗu, ya ce zai tada janareto, ya sani ƙaramin janareto ba ya cin ƙasa da rabin litar fetur a kan kowane yunit. Yunit 17 ya zama lita 8 da rabi ko fiye. Ya sayi mota mai tsada don ya guje wa fetur, ya dawo yana ƙona wanda ya fi na dā, ga ƙara ga hayaƙi a tsakar gida. Ko mazauna rukunin A ma sun tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa akasarin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Sa'an nan ga tafiyar Salla: daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, abin da ya fi ƙarfin caji ɗaya na yawancin motocin nan. Ga kuma ma'aikacin da ke zaune a gidan haya mai mita ɗaya da maƙwabta shida, wanda ranar da ya jona mota a ranar za a kira taron gida. Shi ne ɗan hayar Kalifoniya, sai dai nasa ya fi tsanani, don ba shi da tashar da zai je ya yi layin ma.

Shi ya sa a nan ƙasar sauyin ya fi kankama a wurin masu haya, waɗanda ke bin hanya ɗaya su dawo wuri ɗaya kowace rana, kuma suke da rumfar caji tasu ta kansu. Misali mafi ban sha'awa yana Maiduguri, garin da aka tarwatsa wa turakun wuta a watan Janairu na 2021 ya yi wata da watanni ba ya kan layin ƙasa. A can ne Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan motocin safa yana sa musu batir, yana caja su da hasken rana, yana ɗaukar fasinja a kan kuɗin da ya gaza na masu shan mai. A watan Disamba na 2023 kuma Shugaba Tinubu ya je garin ya ƙaddamar da motocin safa da tasi, ciki har da na lantarki, waɗanda gwamnatin Gwamna Babagana Zulum ta saya don rage wa jama'a tsadar sufuri. Ma'aikacin da ke son ya bi sahunsu da motar kansa, sai ya haɗa kuɗin faifan hasken rana da batirin gida a cikin kuɗin motar, ya kuma tuna cewa rana tana fitowa ne a daidai lokacin da motar take ajiye a harabar ofis.